Ranar Da Na Je Gaida Ɓeran Ummi

Edmonton, shida saura minti goma

Na fito daga gida ƙarfe shida saura minti goma na asubahin Laraba, bayan na idar da salla, sanyin Nuwamba yana cizon kunne. Shekara talatin ina tuƙa bas a birnin Landan, amma ranar hutu na ɗauka, fasinja nake kamar kowa. Mai ɗakina Hajiya Rabi ta rako ni bakin ƙofa da filas ɗin shayi.

"Malam, kada ka manta ka biya ta wurin Isyaka," in ji ta. "Ba a zuwa wurin mutane hannu rabbana."

Na ce ai ba mutane ba ne, ɓeraye ne. Ta ce ko mene ne, su suka riƙe mana 'ya shekara huɗu, a kai musu tsaraba.

Bari in gaya wa 'yan uwa na gida abin da ya fitar da ni a wannan sanyi. Autarmu Ummi, mai sunan mahaifiyata, tana gab da gama digirin digirgir a kan wata 'yar dabba ta hamadar Ostareliya. Turawa suna ce mata dunnart. Mu a gida ɓeran Ummi muke cewa, ita kuwa ta yi ta faɗa wai ba ɓera ba ne, dangin kangaru ne, uwar tana ɗaukar 'ya'yanta a wata 'yar jaka a cikinta. Binciken nata a kan yadda yake zaɓen ƙwaron da zai ci ne. To an ba ta gurbin aiki can cikin hamadar na shekara uku, kuma ana jiran amsarta kafin sha biyun ranar nan. Ta ce ba za ta amsa ba sai da bakina. Ni kuma na ce ba zan ce komai ba sai na ga dabbar da idona.

Gaskiyar magana, na riga na yanke shawarar hanawa tun mako biyu da suka wuce. Yayyenta maza biyu sun yi aure sun koma Manchester, ita kaɗai ce ke faɗo mana duk Lahadi ta cinye tuwon da aka ajiye. Ga shi kuma an yi mata tayin koyarwa a nan cikin gari. Zancen ganin dabba jan lokaci ne kawai, don ban san yadda zan kalli idonta in ce a'a ba.

Daga gida zuwa tashar jirgin ƙasa ta Edmonton Green tafiyar minti tara ce. Jirgin ya zo shida da minti huɗu, rabinsa masu shara ne da ma'aikatan asibiti, kowa ya jingina kai da gilashi yana ƙarasa barcinsa.

Tottenham, shida da minti goma sha uku

Na sauka a Seven Sisters, na yi tafiyar minti goma sha biyu a ƙafa zuwa wurin Isyaka. Mutumin zangon Kumasi ne, tsohon abokina, sana'arsa kiwon ƙwari yana sayar wa shagunan masu kiwon ƙadangaru. Shagonsa a ƙarƙashin gadar jirgi yake. Ina tura ƙofa ɗumi ya buge ni, da warin dusa, da kukan gyare daga kowace kusurwa.

"Alhaji direba! Yarinyanka ya na lafiya? Bera din, wane iri ya na ci? Akwai gyare, akwai fara, akwai buzuzu."

Na ce ban sani ba.

"Kai uban dokta, ba ka sani ba?"

Na ce ya haɗa mini duka, su zaɓa da kansu, tunda zaɓen ne sana'arsu. Ya cika mini robobi uku masu huji a murfi, ya karɓi fam tara, ya sa su a leda. Ya ce in cusa cikin rigar sanyina, in iska ta taɓa su za su sanƙare. Haka na fito da ciki ya yi tulu, ina ji suna motsi a haƙarƙarina.

Ƙarƙashin ƙasa, bakwai saura minti biyu

Jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Seven Sisters zuwa Vauxhall minti ashirin da ɗaya ne. Na sami kujera a ƙarshen tarago. Waɗanda suka san wannan layi sun san zafinsa ko da hunturu. Ba mu wuce tasha biyu ba sai gyare ɗaya ya gwada murya a cikin rigata. Na yi tari don in rufe. Sai na biyu ya amsa masa, sai duk suka ɗauka.

Mutanen Landan ba sa kallon juna a jirgi, amma ranar sun kalli sama, sun kalli ƙarƙashin kujeru. Wata tsohuwar Baturiya da ke gabana ta rufe jaridarta ta lumshe ido tana murmushi. Ni ma na lumshe nawa, don kada a gane ni ne.

Ina rufe ido jirgin ya ɓace. Ga ni a ƙauyenmu, arewa da Daura, ina da shekara takwas, rairayi yana da sanyi a tafin ƙafata. Da sassafe muke fita kamun fara kafin rana ta ɗumama musu fiffike, ka tsince su a jikin kara kamar kana tsinkar wake. Mu kawo wa Inna ta soya da gishiri da barkono. Ba kowace take karɓa ba. Ta kan juya su a faifai da yatsa ɗaya, ta ware masu ƙwai gefe, ta watsa wa kaji sauran. Na ga hannunta sarai, da zoben azurfar da ya lotsa, na ji ƙaurin kaskon. Ta rasu ina nan Landan ina tuƙa mota, ban sami jana'izarta ba. Wata bakwai bayan haka aka haifi Ummi.

Muryar na'ura ce ta dawo da ni, tana kiran Vauxhall. Na yi wuf na fita ƙofa na shirin rufewa, ni da nake yi wa fasinjoji dariya in sun yi haka.

Daga Vauxhall zuwa bakin gari

Na sayi burodi mai man shanu fam biyu da kwabo ashirin, na ci a tsaye da shayin Hajiya. Jirgin ƙasa mai bi ta sarari ya tashi bakwai da minti talatin da ɗaya, ya nufi kudu maso yamma. Gari ya fara wayewa. Hazo ya kwanta a kan kogi, gadoji suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, fitilun gidaje suna mutuwa. Na yi amfani da lokacin na shirya hujjata. Zan ce mata, Ummi, ko dabbar da kike karantawa abin da ke gabanta take ci, ba ta tsallake na kusa ta tafi neman na nesa. Na maimaita sau uku a zuciyata, na ji ta zauna daram.

Na sauka takwas da minti biyar. Daga tasha zuwa ginin binciken jami'arsu minti goma ne a ƙafa, ta gefen wani fili mai raɓa.

Bakin ƙofa, takwas da kwata

Mai gadin ƙofar mace ce, baƙa, da rigar aiki da rediyo a kafaɗa. Ta ba ni littafi in sa hannu. Ina sunkuyawa gyare ya yi kuka. Ta dube ni, ta dubi sunan da na rubuta, sai ta bar Turanci ta koma Hausa.

"Baba, mene ne a cikin rigarka?"

Sunanta Madam Saratu, 'yar Kafanchan. Muka gaisa, muka tambayi gida da sanyi. Na fito da ledar. Ta ɗaga roba ɗaya ta duba ta haske.

"Kai, fara! Rabona da ganin ta tun ina yarinya. Amma Baba, ba a shiga da abu mai rai sai an yi clearing, an ba da izini. Bari in kira 'yarka."

Ummi ta sauko da farar riga a kan doguwar rigarta, ta rusuna ta gaishe ni. A nan aka haife ta, tana jin Hausa tas, amma amsa takan fito mata da Turanci, sai ta yi ta haɗawa. Ta ga robobin a kan tebur.

"Abba, what's this?"

"Tsarabar ɓerayenki. Mamanki ta ce kada in zo haka."

Ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya a hanya. Ta dube ni kamar ba ta gane ni ba.

"Abba, babu su a nan. Ba mu da ko ɗaya. Na zaci ka sani." Ta sauke murya. "Ni ma ban taɓa ganin mai rai ba."

Kunya ta kama ni har wuya. Shekara huɗu yarinyar nan tana zuwa gidana duk Lahadi. Duk lokacin da ta fara ba da labarin aikinta sai in ce yaya ɓera, a yi dariya, in ƙara muryar talabijin. Ban taɓa yi mata tambaya ta biyu ba. Ga shi na ratsa Landan tun daga arewa har kudu da abincin dabbar da ke can bayan duniya. Madam Saratu ta ga fuskata, ta jawo ledar ta ajiye kusa da hita mai ɗumama ɗaki, ta ce mu hau, za ta kula da baƙi.

Hawa na biyu, takwas da rabi

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya. Ummi ta ce ta yi booking ɗin na'urar ƙara girman abu daga takwas zuwa goma, shi ya sa ta ce in yi sammako. A jikin bango akwatuna ne cike da 'yan kwalabe, kowace da lamba. Na tambayi abin da ke ciki. Ta ce kashin dabbar ne, busasshe, masu aiki a hamadar ke tarawa su aiko ta gidan waya. Na ce wato shekara huɗu kashin ɓera kike tonawa. Ta ce ƙwarai, in zo in gani.

Na ɗora ido a kan na'urar. Da farko duhu, ta murɗa wani abu, sai haske ya buɗe. Abin da a ido bai kai ƙwayar gero ba ya zama fili guda. Ga guntun ƙafa mai gashi, ga muƙamuƙi mai haƙora, ga ɓallin fiffike mai sheƙi kore da ja. Ummi tana nuna su da bakin allura tana kiran sunan mai kowanne: wannan gizo-gizo, wannan gyare, wannan ɗan kyankyaso. Daga girman guntun take gane girman ƙwaron. Ta kuma san abin da ke yawo a wurin a daren, don ana kafa tarkon ƙwari a gefe. Sai ta gwada abin da ke akwai da abin da aka ci.

Sannan ta kashe fitila ta kunna allo. Hoton baƙi da fari ne, na kyamarar da ake girkewa a daji ta kwana tana ɗauka. Rairayi ne mai layi-layi, irin wanda iska ke shafewa, da kututturan ciyawa mai ƙaya. Da ba a gaya mini ba sai in rantse bayan garinmu ne. Na jima ina kallon rairayin kawai. Sai ga shi ya fito daga gindin ciyawa.

Bai kai babban yatsana biyu ba. Baki tsini irin na jaɓa, kunnuwa manya, idanu suna ƙyalli, jela ta kumbura a gindi. Ummi ta ce a jelar yake ajiye kitse saboda ranar babu. Layin tururuwa ya ratsa ta gabansa, har suna taɓa ƙafarsa. Ya tsallake su bai ko sunkuya ba. Ya tarar da buzuzu, ya shinshina, ya juya shi da hannu, ya bar shi a wurin yana harba ƙafafu. Sai ya tsaya cak, kunne ɗaya ya juya. Ya zura a guje har ƙarshen hoton, ya dawo da gizo-gizo kusan girman kansa. Ta ka ya fara cizo, ya zauna a kan ƙafafun baya ya riƙe da hannu biyu yana ci.

Na ce ta mayar baya. Sau huɗu na kalla.

Ta yi mini bayani da Turanci, ga shi na mayar muku. Tururuwa suna da yawa, amma ƙanana ne kuma ba daɗi, sai ya kwana yana tsinta bai ƙoshi ba. Buzuzu akwai nama, amma ɓawonsa tauri, kafin ya fasa ya daɗe a fili, mujiya kuwa tana sama tana jira. Wanda ya fi ƙarfinsa kuma zai yi kokawa da shi, wataƙila ya ji masa ciwo. Don haka yana auna abin da zai samu da lokacin da zai ɓata. Kunne ne ke fara gaya masa, motsin ƙafa a kan rairayi, kafin ido. In fari ya yi tsanani sai ya rage tsirfa ya ci abin da ya samu. In babu sam, ya shige rami ya bar jikinsa ya huce ya yi ta barci har abinci ya dawo.

Hujjar da na shirya a jirgi ta mutu a wurin, ban ma fito da ita ba. Na ji haushin ɗan banzan ɓeran nan ƙwarai, amma ba shi ne ya karya ni ba.

Ummi ta kunna fitila. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko sukari mai ƙwaya guda uku, ta kama hannuna ta ɗora mini a tafi.

"Nauyinsa ke nan, a takarda," in ji ta. Sai ta ci gaba da Hausa zalla, a hankali, tana neman kowace kalma. "Abba, na san abin da ya ci. Na san abin da ya ƙi. Amma ban san warinsa ba. Ban san ko yana da ɗumi a hannu ba. Wani lokaci ina mafarkinsa, kuma ko a mafarki baƙi da fari ne."

Ba ta roƙe ni ba. Ta ce in na ce ta zauna za ta zauna, ba za ta riƙe ni a zuci ba, kuma na san gaskiya take faɗa. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na dubi sukarin a hannuna. Na san mene ne mutum ya riƙa ganin wuri a mafarki ya farka a wani wurin. Ni da ƙafata na bar nawa rairayin, ba wanda ya tare ni, Inna ma addu'a ta yi mini a bakin mota.

Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura minti ashirin. Na ce, "Je ki gano shi. Allah ya yi miki albarka, ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya."

"Abba, are you sure?"

"Ban tabbata ba. Rubuta musu kafin in tabbata."

Ta zauna tana bugawa, hawaye na ɗiga a kan farar rigar. Ni na juya wajen taga na yi kamar ina duba motocin da ke wucewa.

Komawa

A bakin ƙofa aka raba tsaraba. Gyare da buzuzu an kai wa masu kiwon kwaɗi a hawa na uku, bayan an cike takarda. Fara kuwa Madam Saratu ta ce a bar mata, tana da yaji a gida. Ummi ta rako ni har tasha, ta riƙe hannun rigata duk hanya, abin da ta daina tun tana firamare.

Ban so in isa gida da wuri ba. Daga Vauxhall na bar jirgi na hau bas, na zauna a sama can gaba, wurin da direba bai taɓa zama ba. Bas uku na canja. Na ratsa titunan da na tuƙa sau dubbai, ranar na fara ganin rufin gidajensu da bishiyoyin da suka zubar da ganye. Na isa Edmonton biyu da rabi, na yi Azahar da La'asar a ƙaramin masallacin unguwa, na sha miyar wake ta Turkawa da burodi fam biyar. Na shiga gida huɗu saura minti goma.

Hajiya tana tsaye a kicin. "Ka ga dabbar?"

"Ban gani ba. Ita ma ba ta taɓa gani ba."

"To me ka ce mata?"

"Na ce ta je."

Ta juya ta ci gaba da wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ka kyauta." Sai ta kashe famfo ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ina godiya ga Isyaka, da Madam Saratu da ta rufa mini asiri a bakin ƙofa, da direbobin da suka kai ni suka dawo da ni, har da fasinjojin da suka haƙura da kukan gyare. Godiya mafi girma ga Allah da ya fitar da ni lafiya ya mayar da ni ɗakina.

Magariba ta yi huɗu da minti goma. Na shimfiɗa darduma a falo, na karkata ta wajen kusurwar taga kamar kullum, kudu maso gabas. Har na ɗaga hannu sai na sauke, na ɗauki waya na kira Ummi.

"In kin je can, ina za ki fuskanta ki yi salla?"

Ta ce in jira ta duba. Na ji tana danne-danne.

"West, Abba. Yamma, da ɗan arewa kaɗan."

Na ajiye wayar na tsaya a kan dardumar. Ni ina kallon gabas, ita tana kallon yamma, Ka'aba a tsakiya. Shekara uku, sau biyar a rana, ni da 'yata za mu riƙa fuskantar juna. Na kira Hajiya ta fito, idonta ja, ta tsaya a bayana, na ta da salla.